Abin da Kan Bai Zahari Ya Faɗa

Shafi na 19

Kun gan shi ranar Juma'a. Kada wanda ya ce min bai gani ba.

Bai Zahari, da "Bai" ɗin girmamawa da muke kiran dattawa da shi, ya shigo ɗakin cin abinci na masana'anta da farantinsa a hannu, ya tsaya yana neman wurin zama kamar baƙo, mutumin da ke riƙe da ɗakin gwajinmu tun kafin a haifi rabinku. Wani ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Wata ta ɗora jakarta a kan kujerar da ke kusa da ita. Sauranku kuka nutse cikin wayoyinku. Ya tafi can jikin taga, inda iska ke shigowa, ya ci shi kaɗai.

Da yamma kuma kuka cika min sharhi. "Ralitsa, ina ci gaba?" "Ralitsa, kin bar mu a rataye." Ci gaba kuke so? To ga shi. Ba zai yi muku daɗi ba. Ni ma bai yi min ba.

Ga waɗanda suka shigo yau, a taƙaice. Famfonmu ne ya tsaya. Wanda muke ƙerawa a nan Gabrovo, mai zagayawa da ruwa a jikin batirin bas mai lantarki, ya sanyaya shi in ya ɗau zafi, ya kai masa ɗumi in sanyi ya kama shi. A watan jiya, can arewacin Finland, sanyi ya sauko irin nasu. Famfo ya ƙi tashi, batir ya kashe kansa, bas ta tsaya a tsakiyar daji da tsofaffi a ciki. An kwashe su da rai. Amma direban ya cire safar hannu yana kokawa da murfin batir, har yau likitoci na ƙoƙarin ceto yatsunsa.

Kamfanin bas ɗin ya turo mana bidiyon taron da aka yi da su ta allo a kakar bara. A ciki injiniyarsu, Madam Lahtinen, ta ce sanyinsu ya wuce wanda takarda ta nema, shin an gwada famfon a irin nasu, kuma ya tashi? Yayana Kaloyan, wanda shi ne tafinta ranar, ya juya wa Bai Zahari tambayar. Aka ga Bai Zahari ya gyaɗa kai.

Darakta Tanev da kansa ya nuna min ranar Alhamis. "Kalli yadda ya ce mata e," in ji shi. Na kalla, na gani.

Gobe Litinin Madam Lahtinen za ta zo da ƙafarta. Tanev ya yanke cewa Bai Zahari zai tsaya a gabanta ya ce ya yi ƙarya, sannan a sallame shi da wannan sunan.

Ni yau ban je gidansa jaje ba. Faɗa na je yi.

Tun bara nake cewa zoben famfon nan ba zai ɗauki sanyi mai tsanani ba. Roba ce. Sanyi na matsa ta sai ta ƙanƙance ta shaƙe sandar da farfela ke juyawa a kai, ruwan ma ya yi kauri kamar zuma, ɗan injin ya yi ta gurnani ya kasa juya komai. Na zana sabon zobe, na buɗa tsakaninsa da sandar da abin da bai kai kaurin gashi ba, na gyara yadda injin zai riƙa tashi, ya ɗan jijjiga gaba da baya kafin ya ɗauki gudu. Na kai wa Tanev, da sunan gidanmu a kan zanen, Doneva. Ya jefa a aljihun tebur.

"Masu saye sun gamsu da tsohon zoben, Doneva. Ke me ya dame ki?"

Sun gamsu ne saboda ƙaryar Bai Zahari. Da wannan a raina na hau matakalar gidansu.

Matarsa, Lelya Nevena, wato inna Nevena, ita ta buɗe ƙofa, ludayi a hannu.

"A'a, Bajamushiya ce? Shigo. Cire takalmin nan, ga silifas."

Haka take kirana tun da na dawo daga karatu a Jamus.

"Lelya, ba zama na zo yi ba. Yana nan?"

"Ina zai je? Karen unguwa ma ya daina gaishe shi. Zauna. A gidana ba a faɗa da yunwa."

"Wa ya ce miki faɗa na zo yi?"

"Fuskarki. Irin ta uwarki ce sak ranar da aka yanke musu ruwa."

Yana zaune a kicin, cikin tsohuwar rigar sanyi, bai yi aski ba. A bayan ƙofa an rataye kwat ɗinsa, an goge ta tas. Ta gobe ce.

Lelya ta dire min kwanon miyar wake da burodi. Ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba.

"Bai Zahari, tambaya ɗaya na kawo."

"Kawo biyu ma, yarinya. Yanzu ba ni da aikin yi."

"Ka gwada famfon a sanyin da matar nan ta tambaya?"

"Na gwada."

"Ya tashi?"

"Bai tashi ba. Na jera su a ɗakin sanyi, yawancinsu ko tari ba su yi ba."

"Ka sani ke nan."

"Na sani."

"Ka sani, amma ka kalli matar nan ka ce mata ya tashi! Kai! Kai ka karɓe ni ranar da na fara aiki, ka ce min in gwaji ya ce a'a, ko darakta ya durƙusa yana kuka a'a ce. Na ɗauka da gaske kake. Ashe wa'azin sababbi ne. Mutum na kwance a asibiti ba a san ko zai sake riƙe sitiyari ba, zanena na cin ƙura a aljihun tebur, kai kuma kana nan kana shan miya!"

Marmasa burodi yake yi a kan tebur, yana tara garin wuri ɗaya da gefen hannu. Na ci gaba.

"Abin da ke kashe mu ke nan a ƙasar nan. Kowa ya ce a lallaɓa, zai wuce. Haka aka saba. Kun saba, kun saba, har kun saba da..."

Ashe ina faɗan ina ci. Tun safe ban sa komai a baki ba, kwano ya ƙare ban lura ba. Lelya ta tsaya a kaina da tukunya.

"Za ki ƙara?"

Bakina cike da burodi, na gyaɗa mata kai.

Ta mayar da tukunyar kan murhu, ta ɗauke kwanona.

Na haɗiye da ƙyar. "Lelya, ina za ki kai? Na ce a ƙara."

"Yaushe?"

"Yanzun nan. Na gyaɗa kai."

"To ai shi ne. Kanki ya ce a'a."

"E nake nufi."

"Ni nufinki zan duba ko kanki?" Ta ɗaga haɓa sama ta sauke. "Wannan a'a ce tun zamanin kakata. In kina so, ga yadda mutanen kirki ke yi." Ta kaɗa kai gefe da gefe. "Shekara nawa kika yi a can har suka juya miki wuya? Zahari, ka ga 'yar Donev ta manta yadda ake neman ƙarin miya a garinsu."

Ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Ni kuma burodin hannuna ya faɗi.

Na zaro waya. Bidiyon na ciki, ban san sau nawa na kalle shi tun Alhamis ba. Na sake kunnawa.

Madam Lahtinen ta yi tambayarta. Yayana ya juya. Bai Zahari ya ɗaga haɓa, girarsa ta bi, leɓensa ya ɗan tsuke irin na mai yin "tsk" da harshe, sautin da na'ura ba ta ɗauka ba. Ya sauke kai.

A'a.

A'a ce ƙarara, irin ta yaron da aka miƙa wa magani. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan zai gane ta daga tsallaken titi.

Madam Lahtinen ta yi murmushi a allo. "Madalla!" in ji ta da Turanci, tun kafin yayana ya buɗe baki.

Wannan karon ban kalli tsohon ba, sauran na kalla. Tanev ya ɗaga ido yana nazarin silin. Wata ta shiga juya kofin da ba ta sa wa sukari ba. Wani ya cire tabarau yana gogewa. Yayana ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya ce, "Mu wuce batu na gaba."

Kunya ta fara min daga wuya, wuyan nan da ya je ya koyo yaren wasu ya dawo yana yi wa mutane hukunci da shi. Ta hau fuska, ta shiga kunnuwa. Na kasa ɗaga ido daga wayar.

"A'a ka ce mata."

"A'a na ce."

"To me ya sa ka bar ni ina ta zuba tun ɗazu?"

"Rabin maganarki gaskiya ce. Na ce bari in saurari rabin."

Lelya ta ajiye ludayi. "Me ake cewa? Zahari, me yarinyar nan ke cewa?"

Na miƙa mata wayar. Sau ɗaya ta kalla.

"Ai wannan a'a ce! Makaho ma ya shafa zai ji a'a ce!" Ta juya gare shi. "Kai! Ka bar ni ina zagayawa ta bayan kasuwa don kada in haɗu da matan wurin aikinku, ashe ba ka yi ba?"

"Nevena, zauna."

"Ba zan zauna ba!"

"Bai Zahari," na ce, "ai shi ke nan. Gobe ka gaya mata. Ka ce haka kanmu yake a nan."

Ya share garin burodin zuwa tafin hannunsa, ya tsaya yana kallonsa.

"Ta yi murmushi, yarinya. Ba na jin Turanci amma ina jin murmushi. Nan take na san e ta ɗauka. Na kalli Tanev, yana kallon sama. Na kalli yayanki. Ina jira ya gyara, shi yana jira in yi magana. Aka wuce."

"Daga baya fa?"

"Daga baya aka kashe allo. Tanev ya ce, kun dai ga abin da ya faru, Allah ne ya kawo, kowa ya riƙe bakinsa. Aka buɗe kwalbar rakiya, barasar nan tamu, a ɗakin taro. An samu kwangila. Layi na biyu na ƙera kaya da za a rufe, ba a rufe ba. Mata na rungume ni a bakin ƙofa, suna cewa Bai Zahari ka cece mu. Na sha. Na ce a raina wataƙila sanyin bana ba zai kai can ba."

"Amma ba kai kaɗai ka yi shiru ba."

"Ni ne mai ɗakin gwaji. Sauran kuwa, kujeru kawai suka cika."

"To gobe me za ka ce?"

"Abin da muka shirya da Tanev. In ta tambayi maganar kai, don ba mamaki wani ya tsegunta mata, zan ce irin nasu na yi mata don ta gane. E nake nufi. Ƙarya na yi."

"Ai wannan ita ce ƙaryar!"

"Ba ta yi nisa da gaskiya sosai ba."

"Me ya sa kai kaɗai?"

"In mutum ɗaya ne, an kori maƙaryaci, kwangila ta tsira. In aka ce ɗaki guda ne ya yi shiru har da darakta, ko ƙusa ba wanda zai sake saye a hannunmu."

Lelya Nevena ta zauna yanzu, ba wanda ya ce ta zauna. Muryarta ta sauka.

"Tun muna saurayi da budurwa ban taɓa jin mutumin nan ya yi ƙarya ba. Ko a kan gishirin miyata ba ya yi, shi ya sa muke faɗa. Yanzu da furfura za a liƙa masa suna, jikokinsa su tashi da shi a makaranta?" Ta kalle ni. "Ke mai karatu. Kin shigo da baki fal. Ina bakin yanzu?"

Na tashi na saka takalmina, hagu a dama, ban gyara ba sai a ƙasan matakala.

Gidan mahaifiyarmu na nufa, don na san ranar Lahadi can yayana yake. Na tarar da shi a ƙofar gida yana kwashe ƙanƙara da shebur.

"Rali! Ɗauko ɗayan shebur ɗin. Injiniya ba ta kallon mutum yana aiki."

Na ɗora masa wayar a gaban fuska.

"Bate," na ce, yadda muke kiran yaya, "fassara min wannan."

Ya kalla, ya kau da ido. "Na gani ai. Ina wurin."

"Fassara."

"Ba a faɗi komai ba, me zan fassara?"

"Me kansa ya ce?"

Ya soka shebur a cikin ƙanƙara, ya jingina a kai.

"Ni tafintan magana ne, Rali. Ba a ɗauke ni aikin fassara kai ba."

"Sau nawa ka maimaita wannan a gaban madubi kafin ta zauna maka?"

"Ki iya bakinki. Ni yayanki ne."

"Shi ya sa nake jin kamar in ɓoye fuskata."

"Fuskarki!" Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Ranar kina can babban birni, Sofiya, wurin taronku na masu gyara duniya. Ni ne a ɗakin. Kafin in ja numfashi matar ta riga ta ce madalla. Tanev ya take min ƙafa a ƙarƙashin tebur har yatsana ya yi baƙi. Kin san su wa ke layi na biyu? Uwar ƙawarki na ciki. Maƙwabcinmu da ya ɗauki gawar Baba yana ciki. In buɗe baki in ce, yi haƙuri Madam, a ƙauyenmu kai juye yake, a rufe layi?"

"Direban fa?"

"Kada ki kawo min direban."

"Na kawo shi."

"Na ce kada ki kawo min shi! Kina tsammani ba na ganinsa? Cokali ma in na ɗauka sai na kalli yatsuna." Ya goge hanci da bayan safar hannu. "Amma ki sake kallo da kyau. Ban yi ƙarya ba. Ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan. Ko ɗaya."

"Mu ke nan, mutanen Gabrovo. Duk ƙasa na yi mana dariya wai muna yanke wa kyanwa wutsiya don a yi saurin rufe ƙofa kada ɗumi ya fita. Mu ma muna dariyar, har gunki muka yi mata. Ashe rowar tamu ta kai har kan kalma ɗaya. A'a, bate. Kyauta ce. Ba a biyan wutarta."

Labulen taga ya motsa. Mama ce. Ya ɗaga mata hannu da murmushi, ya jira labulen ya koma, sannan ya matso kusa ya rage murya.

"Ke da kike ta tsalle, kin san me ya sa Tanev ya fara nuna miki bidiyon kafin kowa?"

"Saboda ni na yi zanen gyara."

"Zane! Gwaji ya yi da ke."

"Ban gane ba."

"Ya ce a kira Bajamushiyar nan. In ita ma ta ga e, to baƙi ba za su taɓa ganin wani abu dabam ba. Ina tsaye a bayan ƙofa. Kika kalla, kika fito kina huci, duk hawa na biyu sun ji abin da kika kira tsohon. Tanev ya murza hannu ya ce, famfo dai bai ci gwaji ba, amma dabarar nan ta ci."

Iskar da ke saukowa daga dutse ta daki fuskata, ban ji sanyinta ba. Zafi nake ji. Ni da ke yawo ofis-ofis ina ce wa mutane ku buɗe ido, ku daina yarda da abin da aka ce muku, ku auna. Aka ce min kalli e, na kalli e. A fuskar mutumin da ya koya min aiki. Da yaren uwata.

"Kin gani?" in ji shi, a hankali yanzu. "Ba wuya."

"Ni ban sani ba. Ku kun sani."

"To yanzu kin sani. Saurara, Rali. Gobe zanenki zai fito daga aljihun tebur, Tanev ya riga ya ciro shi. Sabon zobe, sabon tashi, yadda kika zana ba a taɓa layi ɗaya ba. Za a bi bas ɗin nan duka a canza musu famfo. Ba wanda zai sake tsayawa a daji. Ba abin da kika shekara kina ihu a kai ke nan ba?"

"Shi ne."

"To an ba ki. Layi na biyu ya tsira, famfo ya gyaru, tsohon da kansa ya yarda, dama ritaya ta kusa. Abin da ake nema a wurinki shiru ne na ɗan lokaci."

"Irin naku."

"Irin namu."

"Shi kuma ya tafi gida da sunan maƙaryaci."

"Mutane na mantawa."

"Matarsa ba ta mantawa. In na yi magana fa?"

Ya zare shebur ɗin, ya kwashi ƙanƙara ya watsar, ya sake kwasa.

"In kika yi, sunan da za a kira gobe ba na Bai Zahari ba ne. Donev ne. Naki ne shi ma. Sai ki shiga ciki ki gaya wa Mama da bakinki, ga ta can tana gasa mana banitsa mai cuku a tanda."

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Tanev.

Yayana ya leƙa allon. "Ɗauka mana."

Na ɗauka.

"Doneva! Ina fata ban katse miki hutu ba. Matar nan ta sauka Sofiya, da safe direba zai kawo ta. Ta zo da sharaɗi ɗaya, wai ba ta son tafintan wancan taron."

Na kalli yayana. Ya ji. Shebur ya tsaya a sama.

"Na ce mata ba damuwa, muna da wata. Injiniya ce ma, ta yi karatu a waje, kuma duk masana'anta ba wanda ya kai ta ƙin ƙarya." Ya yi 'yar dariya. "Ƙarfe tara, ɗakin taro. Abin da tsohon ya faɗa shi za ki juya mata, ba ƙari ba ragi. Daga nan sai mu zauna kan zobenki. Kin yarda?"

Na kalli labulen tagar Mama.

"Doneva? A waya ba na ganin kai. Da baki za ki amsa min."

"Zan zo," na ce.

Ya kashe.

Gobe ke nan Bai Zahari zai miƙe ya yanka wa kansa ƙarya, ni kuma in ɗauke ta da bakina in kai wa baƙuwa a faranti.

Kuna tsammani sai kawai in tashi in faɗi gaskiya? Na auna wannan duk hanyar dawowa. Ni ba na ɗakin ranar. In na ce kansa a'a ya ce, Tanev zai ce yarinya ce tausayin tsoho ya kama ta, shi kuma tsohon zai rantse da bakinsa e yake nufi, magana ta ƙare. Wanda ake buƙata shi ne wanda ya zauna a teburin nan, ya ji abin da aka faɗa bayan an kashe allo, ya ɗaga kofin rakiya a kai.

Kuna nan. Na ga fuskokinku a bidiyo, kuma na san kuna bin labarin nan, wasunku ma ku ne masu fara neman ci gaba. Ban rubuta sunayenku ba. Na yayana kaɗai na rubuta, kuma na san abin da zan tarar a gida saboda haka.

Kada ku ce min layi na biyu. Zanen gyara na nan, yana aiki, zan ɗora mata shi a gabanta in ce ga abin da mutanen Gabrovo za su iya in sun daina rowar magana. Ko ta tsaya ko ta tafi, ban sani ba, ba zan yi muku alkawarin da ba nawa ba. Abin da na sani shi ne in muka tsira a kan bayan tsohon nan, ba ɗayanmu da zai sake iya kallon ɗan'uwansa a bakin ƙofar masana'anta.

Sauranku da kuka san su, matansu, mazajensu, maƙwabtansu, kada ku latsa min alamar zuciya a ƙarƙashin rubutu, ba ta da amfani. Ajiye wayar. Je ki buga masa ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, ki tambaye shi ina yake ranar taron.

Kai kuma da kake wurin, ke da kike wurin: gobe, ƙarfe tara, hawa na biyu. Tafinta ba ya juya abin da ba a faɗa ba. Mutum ɗaya nake nema ya miƙe kafin tsohon ya miƙe, ya faɗa da baki, da harshenmu, yadda kowa zai ji. Juyawar tawa ce.

Tashi ka zo ka faɗa.